Shekarar da Barkono Ya Fita Daga Girkina

Da sunan Allah nake shiga wannan babi, wanda na fi kowanne jinkirtawa. Bashir, Maryam, na san kun ji ana cewa a zamanmu na Dubai mahaifiyarku ta kamu da aljanar Koriya, har sai da aka tara malamai a kanta. Ba a tara kowa ba. Ban faɗi ba, ban yi wani yare ba. A lokacin kuna Kano wurin Gwaggo kuna makaranta, ƙawata Hajiya Zainabu ta Damagaram ce ta kai labarin gida, kun kuwa san ta wajen ƙara gishiri. Zan faɗa muku abin da idona ya gani da abin da hannuna ya yi. Wanda ban gane ba zan bar shi yadda yake, Allah ne masani.

Muna zaune a Muraƙƙabat, a wani tsohon bene mai dogon lungu da ƙofofi suna kallon juna. Mahaifinku kan fita da sassafe zuwa kamfanin jigilar kaya a Al Quoz, ba ya dawowa sai bayan magariba, ni kuwa in wuni da karatuna da girkina. Ƙofar da ke fuskantar tamu ta wani dattijo ce ɗan ƙasar Koriya, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana aikin gadoji a ƙasashen Larabawa, da ya ajiye aiki kuma ya ƙi komawa gida. Sunansa bai zauna a bakinmu ba, sai muka sa masa Baba Koriya. Siriri ne ƙwarai, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, hannunsa na rawa. Yana jin Larabcin kasuwa irin wanda nake ji, shi ya sa muke gaisawa. Ummu Bashir yake ce mini. Mai gadin benen ya gaya mana matarsa ta rasu a cikin ɗakin nan tun kafin mu zo.

Kun san al'adata ta soya ƙosai ranar Juma'a in raba sadaka saboda mahaifiyata Inna, Allah ya jiƙanta. A Dubai ba yaran unguwa, sai maƙwabta. Wata Juma'a na ba mahaifinku kwano ya miƙa wa dattijon. Washegari kwanon ya dawo da wani ɗan wake kore a ciki, ƙanana kamar tsakuwar kogi, irin wanda Indiyawa ke sayarwa a shagunan Deira. Na ji daɗi, na ce ashe su ma ba sa mayar da kwano wofi. Bayan magariba muka haɗu a lungu ni da Malam, wato mahaifinku, da shi, ya tsaya yana nuna mini da hannu.

"Ummu Bashir, irin naki ne, amma a shimfiɗe. Matata tana yi. Ni hannu khalas, ya ƙare." Ya ɗaga hannun ya nuna mana yadda yake karkarwa.

"Me ake sawa a ciki?" na tambaye shi.

"Kabeji mai tsami, zan kawo. Tsiron wake. Ganyen albasa. Nama shwaiya, kaɗan."

Malam ya yi gyaran murya. "Wane irin nama, Baba?"

Ya yi dariya, ita ce dariyarsa ta farko da na gani. "Rago, ya sheikh, rago. Na san ku." Sai kuma fuskarsa ta koma yadda take. "Amma ba barkono. Ba tafarnuwa. Ko kaɗan."

Da muka shiga ɗaki na ce wa Malam, bawan Allah olsa ce ke damunsa, ga shi nan ta cinye shi. Malam ya ce haka ne. Ba wanda ya kawo wani abu a ransa.

Aikin bai ba ni wahala ba, tunda 'yar gidan masu ƙosai ce ni. Nakan jiƙa waken tun bayan sallar asuba, in ya kumbura in murje shi a ruwa, koren ɓawon ya taso sama in tsiyaye, har ƙwayar ta fito rawaya tas. In markaɗa a blanda, ba laushi can ba, in bar shi da ɗan tsaki. In yanka farin kabejin da ya kawo mini a kwalba, wanda ba ja a cikinsa, in matse ruwansa, in zuba tsiron wake da lawashi da niƙaƙƙen naman rago da gishiri. Sai kasko mai faɗi da mai isasshe, a zuba ludayi guda a danne da bayan ludayin, a bar shi har gefen ya yi ƙarau-ƙarau kafin a juya. Ana ci ana dangwala wani baƙin romon waken suya da aka ɗiga wa ruwan khal mai tsami. Shi yana kiran abin bindetok, ni na ce wainar Baba Koriya.

A ranar farko ina tsaye zan markaɗa, sai na ga hannuna ya buɗe buhun shinkafa ya ɗebo cikin tafi, na wanke, na jiƙa na ɗan lokaci, na haɗa da waken. Ban yi tunanin komai ba. Sai da Malam ya dawo daga kai kwano ya ce da ni:

"Hajiya, me kika sa a ciki? Dattijon nan ya gutsuri gefe ya duba, sai ya zauna. Yana ta tambayata wa ya gaya miki shinkafa."

"Ba wanda ya gaya mini. Ba a sawa ne?"

"Ya ce wasu na sawa, wasu ba sa sawa. Ita tana sawa, cikin tafi ɗaya."

Na ce to ai mai girki ɗaya ce ko'ina, muka yi dariya muka wuce wurin.

Duk sanda na kai, kwanon kan dawo kafin la'asar da rabin wainar a jere a ciki. Na ɗauka kara ce irin ta dattawa, ba ya so ya cinye ya bar mu. Mu kuwa ba ma zubar da abinci, sai mu ci. Abin da na lura da shi, wadda na bari a kicin tana da daɗinta, ga maiƙo ga gishiri, amma wadda ta je ta dawo ba ta da ɗanɗanon komai. Ba lalacewa ta yi ba, ba tsami, kamanninta na nan. Kawai in ka tauna kamar auduga kake taunawa. Kuma takan dawo da sanyi ƙalau, alhali lokacin zafi ne, irin zafin da ruwan famfo ke ƙona hannu. Malam ya ce na'urar sanyaya ɗakin dattijon ce. Ya ci sau ɗaya ya bar mini, ni ce na riƙa cinyewa saboda tsoron almubazzaranci.

Daga Juma'a abin ya koma har da Litinin, daga nan kusan kullum. Da safe sai in tarar da ƙullin wake rataye a hannun ƙofarmu. Ban ji nauyin haka ba, domin na ga amfanin: dattijo ya fara cikowa, kumatunsa suka taso, har yana sauka ƙasa ya zaga. Ina murna ina cewa Allah ya ba ni ladan maƙwabci. Amma a cikin kwanakin nan ne wasu abubuwa suka shigo. Idan ina suya da rana tsaka, mai yana ta ƙara a kasko, da zarar na ji ƙofar dattijon ta buɗe sai man ya yi tsit, wuta na ci, waina na soyuwa, amma ba sauti. In ji sanyi a kafaɗar hagu kamar wani ya tsaya yana leƙen kaskon. In waiga, ba kowa sai firij. Lawashin da nake yankawa ƙanana tun ina yarinya sai na ga ina yanka shi dogaye a karkace. Ƙofarmu kuma da nake kullewa da kaina, sau da yawa in fito in same ta a ɗan buɗe, gwargwadon yadda mutum siriri zai wuce ta gefe.

Hajiya Zainabu ce ta fara faɗa. Tana da shagon atamfa da turare a Deira, takan biyo ta wurina cin abincin rana. Ranar na zuba mata tuwon shinkafa da miyar kuka, ta kai loma ɗaya ta ajiye hannu.

"Rabi, asibiti aka kwantar da ni ban sani ba? Ina yajin?"

"Na sa mana."

"Kin sa a ina, a mafarki? Wallahi abincin lopital na Damagaram ya fi wannan rai. Miƙo dakakken yajinki."

Na ɗauko kwalbar yajin da Gwaggo ta aiko mini. Ina buɗewa sai na ji kamar an watsa mini wuta a fuska, idona ya rufe, na saki kwalbar na ja da baya har na bugi bango. Zainabu ta bar dariyar da ta fara, ta zuba mini ido.

"Ke da kike cin attaruhu ɗanye da gurasa? Bon, yaushe rabonki da barkono?"

Na yi ta tunani, na kasa tunawa. Na duba kwandon kayan miya, attaruhun ya bushe a ciki, tafarnuwar ta tsiro. Ashe na daɗe ina yi wa mahaifinku girki lami, shi kuma da haƙurinsa bai ce komai ba, ya zaci likita ne ya hana ni.

Wannan bai tsorata ni kamar abin da na gane washegari ba. Ina zuba ƙullun a kasko sai na saurari bakina, na ji shi a rufe. Ni da Inna ta koya wa cewa ba a ɗora tukunya, ba a zuba gishiri, ba a jefa ƙosai a mai sai da bismillah. Na nemi ranar da na yi bismillah a kan wainar nan na rasa. Na yi niyyar yi a lokacin, sai harshena ya yi nauyi kamar na mai barci. Da ƙyar na fitar da ita, ina fitarwa kuwa man ya fashe da ƙara, ya fantsamo mini a hannu. Tabon na nan har yau kusa da wuyan hannuna na dama.

Ranar Malam na wurin aiki, an riƙe musu kwantena, don haka ni na kai kwanon na miƙa daga bakin ƙofa na juyo. Na dawo kicin na ga na manta ɗan kofin romon, na koma da shi. Ƙofarsa a ɗan buɗe, kamar yadda nake samun tawa. Na yi sallama ba a amsa ba, na leƙa. Akwai wani gajeren tebur a jikin bango, da hoton wata mata mai ɗaurarren gashi, da kyandir yana ci da rana tsaka. Wainata ce a jere a gaban hoton, da shinkafa a kwano an soke cokali a tsakiyarta. Dattijo ya sa rigar kirki, ya durƙusa, ya kai goshinsa ƙasa. Ya tashi ya koma gefe ya juya baya, kamar mai ba wani wuri ya ci abinci a sake. Harshen kyandir ɗin ya kwanta ya nufi cikin ɗaki, ba iska. Sanyin nan da na sani ya wuce ta gefen hagu na, ya taɓa mayafina.

Ban san yadda na koma ɗaki ba. Na kulle ƙofa na yi alwala na zauna a kan sallaya har Malam ya dawo. Da na gaya masa, bai bari an kwana ba, bayan sallar isha'i ya ƙwanƙwasa wa dattijon, ina tsaye a bayansa. Dattijo bai ɓoye komai ba, bai ma ga abin ɓoyewa ba.

"A ƙasarmu sau ɗaya ake yi a shekara," ya ce. "Ni ban iya jira. Mun yi aure muna yara, ban taɓa cin abinci kafin ta zauna ba. Na sayo na gidan abinci, ba ta zo ba. Na gwada da hannuna, ba ta zo ba. Na Ummu Bashir take zuwa wa."

"Barkonon fa?" in ji Malam.

"Matattu ba sa shiga inda yake. Shi da tafarnuwa."

"Ragowar da kake dawo mana da ita?"

"Albarka ce. Abin da suka ci ana raba wa na kusa." Ya dube ni da murmushi. "Tana son ki."

Na juya na koma ɗakinmu. A ɗaki Malam ya ce mini, Hajiya, wanda ya mutu ya tafi inda ba a dawowa, ko mene ne ke shigowa ɗakin can ba matarsa ba ce. Ya ce ba laifi a kan abin da ban sani ba, amma yanzu na sani, hannun da ke ɗaga kabbara ba zai dafa abin da za a yi wa sujada a gabansa ba. Ban yi musu ba, domin abin da ke zuciyata ke nan. Washegari na ga ƙullin wake a ƙofa, na cire na rataye masa a tasa.

Sai dai magana ba ta ƙare nan ba. Na aika masa shinkafa da miya, ta dawo ba a taɓa ba. Na aika farfesu, haka. Kwanaki suka shuɗe ba mu ji motsinsa ba, sai ƙofar nan a ɗan buɗe, dare da rana. Mai gadi ya tare Malam a ƙasa ya ce dattijon nan ba ya fitar da shara, ba ya karɓar saƙon shago, ruwa kawai yake sha. Ya ce an kira ɗansa a Koriya, ya ce aiki ya riƙe shi sai wata mai zuwa. Na hango shi wata rana ta ƙofar, yana zaune a ƙasa kusa da teburin nan babu abinci a kai, ya koma ƙashi da fata, yana kallon bakin ƙofa. Zainabu ta ce in tattara in bar benen, ai ba ubana ba ne. Na kasa. Idan na dafa yadda yake so, na taya shi abin da Allah ya hana. Idan na naɗe hannu, maƙwabcina zai mutu da yunwa, tsakanin tukunyata da bakinsa taku kaɗan. Na yi istihara, na yi ta kai kukana ga Allah, har abin da zan yi ya zauna mini a rai.

Ranar Juma'a na jiƙa wake da asuba, na ce wa Malam ya sayo mini sabon attaruhu da tafarnuwa. Ɓare tafarnuwar nan sai da na ɗaure hanci da mayafi, hawaye na zuba, hannuna yana ƙi kamar ba nawa ba. Na daka su tare na juye a ƙullun har ya yi ja. Ban sa shinkafa ba, ko da yake sau da yawa na tsinci kaina a gaban buhun. Kowane ludayi na yi masa bismillah da ƙarfi. Man bai yi shiru ba ko sau ɗaya, kafaɗata kuwa gumi kawai take yi.

Bayan an sauko daga masallaci muka shiga tare. Malam ya mayar da ƙofar ya rufe ta har ta yi ƙara. Dattijo ya ɗago kai, ya shaƙi ƙamshin, fuskarsa ta canza.

"Barkono," ya ce.

"Eh, Baba. Wannan na mai rai ne. Naka ne."

"Buɗe ƙofar, ya sheikh. Don Allah."

"Ba zan buɗe ba, Baba," in ji Malam. "Gidanka ne, in mun fita ka yi yadda ka so. Amma yanzu ga maƙwabtanka sun zo cin abinci da kai."

Muka zauna a ƙasa, na ajiye kwanon a tsakaninmu, nesa da teburin. Ba wanda ya miƙa hannu. A nan ne sanyi ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofar, na ji shi a yatsun ƙafata. Hannun ƙofar ya sauko a hankali, kamar yadda mai ladabi ke yi in ba ya so ya tashi mai barci, ya tsaya a ƙasa. Ba a kulle take da mukulli ba, turawa kawai ta rage. Mu ukun muna kallo. Malam ya fara karanta ayatul kursiyyu ƙasa-ƙasa, ni ma na bi shi. Dattijo ya rarrafa ya matsa kusa da ƙofar, na zaci buɗewa zai yi, kuma da ya buɗe ba mai hana shi. Sai ya tsaya, ya dafa katakon da tafinsa, ya yi ta magana da yarensu, a hankali, da irin muryar da ake lallashi da ita. Ya daɗe yana yi. Ban ji ko kalma ɗaya ba. Can sai hannun ƙofar ya koma sama da kansa. Daga nan muka fara jin ƙarar motoci a titi da hayaniyar masu dawowa daga masallaci, waɗanda sai a lokacin na lura ban ji su ba tun shigowarmu.

Ya dawo ya zauna. Ya gutsuri waina da hannunsa mai rawa ya kai baki. Barkonon ya sarƙe shi, ya yi ta tari, Malam ya ba shi ruwa. Ya sake gutsura. Hawaye na bin fuskarsa, ban san na yaji ba ne ko na wani abu. Ya cinye guda, ya ɗauki ta biyu.

Ku sani ya rayu. Ya ci abincina, har tuwo ya koya ci, zuwa ranar da ɗansa ya zo, kuma da ƙafarsa ya sauka daga benen. Ni ma bakina ya dawo daidai, ban sake jin komai a kicin ba. Amma daga ranar bai ƙara haɗa ido da ni ba. In mun haɗu a lungu sai ya gaida Malam ya sunkuyar da kai ya wuce. Na yi kewar gaisuwarsa fiye da yadda na zata, ban kuma ga laifinsa ba.

Ranar dai, da ya gama ci, ya goge hannu, ya tashi ya hure kyandir ɗin. Ya tsaya yana kallon hoton, ya ba mu baya, sannan ya ce:

"Yau matata ta rasu."

Na dubi Malam, Malam ya dube ni. Mun riga mun yunƙura za mu tafi, sai muka koma muka zauna. Malam ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Sannu, Baba," ya ce. "Ya haƙuri?"

Haka muka zauna da shi har aka kira la'asar, kamar yadda ake zama a gidan da aka yi rashi.